Ranar da Azurfar Iya Kande ta Fito Ja

Ku yaran yanzu, da an kawo muku zobe ya yi baƙi sai ku ɗauko kwalbar ruwan nan da ake sayowa a Kano, ku tsoma, ku goge da tsumma, ku miƙa hannu a sallame ku. Shi ya sa kuke ganin ƙirar fari wasan yara ce. Ni ba ni da faɗa da kwalba, tana aikinta. Tambayata ɗaya ce. Idan abin da kuka tsoma ya fito da wata kama daban, mai shi kuma yana tsaye a kanku, me za ku ce masa? Ni an taɓa yi min wannan tsayuwar a kasuwar Maigatari, kuma saura ƙiris in bar sana'ar nan da sunan ɓarawo.

A Gumel na koyi aiki, a hannun Baba Ɗanjuma, maƙerin fari ne da duk ƙasar ta san shi. Shekara biyu na farko ban taɓa azurfa ba ko da wasa. Aikina zuga, da fasa gawayin ƙirya daidai bakin wuta, da share gindin uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kansa. Sai a ta uku ya ba ni magagari ya ce in goge tagulla, tagullar ma wadda ta lalace. Kafin ya yarda in riƙe masaba, gudumar maƙera, a kan azurfar mutane na yi gemu. Mutum ne marar yawan magana. Idan ka yi daidai ba zai ce komai ba, idan ka yi kuskure zai ɗauke aikin daga hannunka ya ajiye gefe, kuma wannan ajiyewar ta fi mari zafi.

Wankin azurfa a wurinsa da tukunya ake yi. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce, a jiƙa tsamiya a ciki, a matsa lemun tsami, a sa gishiri da ɗan alif, farin dutsen nan da ake tace ruwa da shi. Za ka gasa abin a wuta har ya fara yin jaja-jaja, ka bar shi ya huce kaɗan, ka jefa a ciki, a ɗora tukunyar a gefen wuta ta yi ɗumi. Idan ka tsamo sai ka dirje da toka mai laushi. Yana da doka biyu a kan tukunyar nan. Ta farko, a gaban mai kaya ake ajiye ta. Ta biyu, baƙin ƙarfe ba ya shiga cikinta, ko awartaki ko allura. Da tsinken itace ake juyawa, da shi ake tsamowa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce maƙerin baƙi da maƙerin fari ba sa cin tuwo a akushi ɗaya. Mu yaransa muka yi dariya a bayan idonsa, muka ɗauka tsohuwar gabar da ke tsakaninmu da masu ƙera fartanya ce ya shigo da ita har cikin tukunya.

Da na kafa tawa rumfar, sai girman kai ya zo. Ranar Alhamis ina Maigatari, sauran ranaku ina zaga Gagarawa da Sule Tankarkar da kayan aikina a bayan keke. Wata rana tsinken ya ɓata ina sauri, na zura awartaki na tsamo munduwa. Ta fito fes. Na sake yi washegari, ba abin da ya faru. Daga nan na ce ashe dai camfi ne irin na tsofaffi. Tukunyar ma na mayar da ita bayan zanar rumfa, saboda awakin kasuwa sun sha kifar min da ita. Na yi shekaru a haka lafiya lau, domin a lokacin duk safiya sabon ruwa nake haɗawa.

Sai shekarar fari ta zo, jim kaɗan bayan an canja kuɗi, sule da sisi suka tafi aka kawo naira da kwabo. Ba zan tsaya ba ku labarin yunwar ba, ku tambayi iyayenku. Abin da ya shafi sana'armu shi ne, babu mai zuwa a ƙera masa sabo, kowa sayarwa yake yi. Matan Fulani da shanunsu suka mutu suna kwance 'yan kunne da munduwa da awarwaro. Matan ƙauye suna fito da abin da iyayensu suka bar musu a ƙasan adudu. 'Yan kasuwar Damagaram suna zaune da ma'auninsu suna saye, kuma abu in baƙi ne sai su karya shi, su ce wa ya san abin da ke ƙarƙashin dattin. Saboda haka kowa sai ya fara biyowa ta wurinmu a wanke. Daga safe har la'asar tukunyata ba ta hutawa, azurfa, tagulla, farin ƙarfe, duk a ruwa ɗaya. Tsamiya ta yi tsada don mutane na dama kunu da ita, ruwa ma sai an bi layi a rijiya. Sai na daina zubarwa, ina ƙari a kan na jiya. Ruwan tukunyar ya koma kore shar, ni kuwa ban kawo komai a raina ba tunda yana ci.

A irin wannan Alhamis ɗin ne wata tsohuwa ta zo, Iya Kande, daga wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar. Tare take da ɗanta Mati, wani dogo mai jan ido da yunwa ta rage masa haƙuri. Ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana kwance ƙullin bakin zanenta, ta fito da wata ƙwandala mai faɗin tafin hannun jariri, an liƙa mata kunne a sama inda ake zura igiya. Baƙa ƙirin, ta sha maiƙo da gumi da hayaƙin ɗaki har ba ka ganin komai a jikinta.

"Ɗan nan, liyari ne," in ji ta. "Na kakata ne, ta ba uwata, uwata ta ba ni. Masu ma'aunin can sun ce ba su ga alamar azurfa ba. Ka wanke min shi su gani, gero za mu saya."

Liyari, don ku da ba ku san shi ba, babban kuɗin azurfa ne na zamanin da, gefe ɗaya hoton wata mace mai jiki, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Mata na rataya shi a wuya ko a kitso. Na jinjina shi a hannu, nauyin ya yi min daidai. Na ce, "Iya, ki huta, yanzu za ki ga hasken abinki." Na gasa shi a gabansu, sannan na zaga bayan zana na jefa a tukunya, na danna shi ƙasa da awartaki. Ana haka aka kira azahar. Na bar awartakin a ciki yana taɓa shi, na tafi masallaci.

Da na dawo na zaga bayan zana na tsamo. Abin ya fito ja jawur, kamar sabon kwabon da gwamnati ta fitar. Na goga da babban yatsa, ja. Na zuba masa ruwa, ja. Babu mace, babu tsuntsu, sumul yake kamar an lashe. Na tsaya a bayan zanar nan ina juya shi, kuma wannan jimawar da na yi ita ta ƙara ɓata lamarin, domin da na fito Mati ya riga ya miƙe tsaye.

"Kai maƙeri, mene ne wannan?"

"Shi ne, wallahi shi ne. Haka ya fito."

"Haka ya fito? Mun ba ka azurfa, ka shiga bayan zana, ka tafi yawonka, ka dawo ka miƙo mana tagulla? Ina liyarin tsohuwata?"

Ya ci kwalata. Kafin ka ce me, mutane sun cika rumfar, har masu ma'aunin Damagaram sun taso. Ɗayansu ya karɓa ya duba, ya taɓe baki ya ce wannan ko kyauta ba ya so. Wani ya shiga bayan zana ya zazzage min buhun gawayi yana neman inda na ɓoye na gaskiyar. Iya Kande ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, jikoki huɗu na baro a gida." Wannan maganar ta fi cin kwalar yi min ciwo.

Ku fahimci inda nake. Maƙerin fari ba shi da jarin da ya wuce a miƙa masa kaya a juya baya. Ran da aka ce ya yi musanya, ko alƙali ya sake shi, ya gama, daga Gumel har Damagaram ba mai sake ba shi ko zoben gwangwani. Ni kaina kuma ban san me ya faru ba. Abin da na fi zato shi ne tun asali tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa, aka cuci kakarta shekaru aru-aru, wuta ta cinye shafen. In haka ne, wa zai yarda da ni? Gaskiyata ma ba ta da amfani.

Sarkin kasuwa ne ya raba mu. Ya karɓi ƙwandalar ya ƙulle a hularsa, ya ce kafin a je gaban alƙali a fara kai wa masu sana'ar su duba. Ya tambayi Mati ko ya yarda da Baba Ɗanjuma na Gumel. Mati ya ce ai maigidan maƙerin ne, zai kare yaronsa. Wani dattijo a cikin taron ya ce, "Ɗanjuma? Ko ɗan cikinsa ne ya ci amana shi zai fara tona shi." Aka tsayar da magana a kan washegari da hantsi, kafin masallacin Juma'a.

Muka same shi a zaurensa. A lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, ya daina aiki sai dai a zo neman shawara. Ni da Mati da Iya Kande da wakilin sarkin kasuwa muka zauna, maƙwabta suka cika ƙofa. Aka ba shi labari, aka sa masa abin a hannu. Bai ko kai shi kusa da ido ba. Ya ɗora ƙwandalar a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefenta da wani ɗan ƙarfe, ya kara kunne. Ƙarar ta fita siririya, ta daɗe ba ta mutu ba. Ya sake yi. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina.

"Ya'u, ruwan tukunyarka kwana nawa?"

"Ya kwana biyu, Baba."

"Na ce kwana nawa."

"Ya fi wata."

"Wace kala?"

"Kore."

"Da me ka tsamo?"

Na hau sosa ƙeya. Ya ce, "Ba ka ji ba ne?" Na ce da awartaki, kuma na bar shi a ciki na tafi salla. Ya girgiza kai ya ce, "Shekara bakwai ina ciyar da jaki ashe." Mutanen ƙofa suka fashe da dariya, ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, don na gane ya ga wata hanya.

Ya yi wa mutane bayani a taƙaice. Duk tagullar da aka wanke a ruwan tsami tana barin jikinta a ciki, shi ne koren. Muddin ba a taɓa ruwan da baƙin ƙarfe ba, tana nan kwance. Da ƙarfe ya shiga ya haɗu da azurfa, sai tagullar ta tashi ta lulluɓe azurfar kamar lalle a hannu. A sabon ruwa ba ka ganin komai, shi ya sa wawa yake ɗauka ba komai. Na ce a raina, Baba, da ka faɗi haka tun farko maimakon zancen akushi. Amma ban furta ba, ba ranar ba ce.

Ya sa aka kawo sabuwar tukunya daga cikin gida, da tsamiya da lemun tsami, aka haɗa a tsakiyar zaure kowa na kallo. Ya ce ni ba zan taɓa ba, Mati zai yi da hannunsa. Aka ɗan gasa ƙwandalar, aka jefa, aka jira, Mati ya tsamo da tsinke, aka ba shi toka ya dirje. Sau uku aka maimaita. A na farko ja ya yi duhu, a na biyu ya fara yayewa ta gefe, a na uku sai ga abu fari tas a tafin hannunsa. Na sauke ajiyar zuciyar da har na waje sun ji.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Mati ya juya ta gaba da baya ya ce, "To, azurfa ce, na gani. Amma liyari muka kawo. Ina macen? Ina tsuntsun? Wa ya sani ko wata tsohuwar azurfarsa ce marar daraja ya buga ya ba mu, ya riƙe namu?" Ba zan ga laifinsa ba. Duk wanda ya san liyari ya san ko ya tsufa ana ganin inuwar kan matar, wannan kuwa gefe ɗaya ya shafe sarai saboda gugar ƙirji, ɗayan kuma sai wasu 'yan tudu-tudu da ba su nuna komai.

Baba ya karɓa ya bi gefen da farce a hankali, ya zagaye. Ya ce bakin liyari rubutu ne da shi mai tudu, wannan ba shi da shi, saboda haka ba liyari ba ne, kuma bai taɓa zama ba. Sai ya dunƙule ta a hannu ya ɓoye, ya juya wajen tsohuwar.

"Kande, ke kika san abinki. Tun kina yarinya, kafin ya yi baƙi haka, kin taɓa ganin mace a jikinsa?"

Ta ce, "Ni dai liyari na ji ana ce masa, Malam. Mace kam ban taɓa gani ba."

"To me kika gani?"

"Ina ƙarama idan kakata ta ɗora ni a cinya nakan ja shi ina wasa. Takan nuna min ta ce, ga taɓare biyu a tsaye an naɗa musu igiya, na matan aljanna ne da suke daka. Ban sani ba ko wasa take min."

Baba ya sa aka kankaro masa baƙin gindin tukunya, ya haɗa da ɗigon man gyaɗa, ya shafe fuskar ƙwandalar da shi har ta koma baƙa. Sannan ya goge saman da tafin hannu sau ɗaya, a hankali, yadda baƙin zai zauna a kwari ya bar tudu. Ya ce a kai bakin ƙofa a karkata ta wajen rana, a ba mai ita ta fara gani.

Na leƙa ta saman kafaɗarta. Suna nan. Ginshiƙai biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da wani abu kamar ƙyalle ya naɗe shi, a tsakaninsu wata garkuwa da ta kusa shafewa, a samanta alamar hular sarauta. Iya Kande ta sa yatsa a kan ɗaya ta ce, "La ilaha illallahu. Ga su nan. Ga taɓaren Inna." Ta rufe fuska da gyale.

Baba ya ce wannan ya girmi liyari a ƙasar nan. Fataken Larabawa ne suke shigowa da shi ta Barno tun kafin Turawa, su suna ganin ginshiƙan kamar igwa, suna kiransa mai igwa. Ya ce tun yana saurayi sau biyu kawai irinsa ya ratsa hannunsa, kuma azurfarsa ta fi ta liyari kyau. Ya gargaɗi Iya Kande kada ta kai wa masu ma'auni su narka. Ya aika aka kira wani Alhaji mai kanti a cikin gari da ke son irin waɗannan tsofaffin abubuwa, suka daidaita a gaban kowa, aka ɗora mata geron da ya fi abin da ta zo nema a motar Sule Tankarkar. Mati ya zo ya tsuguna ya ce in yafe masa. Na ce ni ne da neman gafara, kwalar rigar ce dai ba ta yafe ba, don har ta tsufa da ɗinki a wuya.

Sai dai wanke mutum a zaure daban, wanke shi a kasuwa daban. Waɗanda suka ga an ci kwalata a Maigatari sun fi waɗanda suka ga taɓare a Gumel yawa nesa ba kusa ba. Alhamis ta zagayo na shimfiɗa tabarma, na hura wuta, na zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, mata na wucewa da ƙulli a bakin zane, su kalli rumfata su zarce wurin na gaba. Har na fara tunanin wa zan sayar wa zugazugaina.

Wajen azahar sai na ji murya daga nesa tana tambaya da ƙarfi, yadda duk layin zai ji, "Ina rumfar Ya'u maƙeri?" Alhali ta san rumfar sarai. Iya Kande ce, da mata uku na ƙauyensu a bayanta. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta karɓi munduwar wannan, da 'yan kunnen waccan, da awarwaron ta ukun, ta haɗa ta zube min a hannu.

"Ɗan nan, ka wanke mana. Za mu shiga wajen 'yan hatsi, sai la'asar mu biyo."

Na ce, "Iya, ku zauna mana a yi a gabanku."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ja matan suka shige cikin kasuwa, suka bar ni tsaye da dukiyar gida uku a tafin hannu, duk layin maƙera na kallo.